Bujin da Bai Dace Ba

Shekara uku da samun 'yancin Dahomey, wata Juma'a da hantsi, jandarmomi suka bugo waya kwamisariyar Parakou, wato ofishin 'yan sanda. Mota ta buge wani makiyayi, Labbo, a Bariénou kan hanyar Djougou, ya mutu nan take, direban ya gudu. Masu tallan doya sun ce ja ce, marar rufi, mai kujera biyu.

Sufeto Sammani bai sha wahalar nema ba. Duk arewa irinta ɗaya ce, ta Alhaji Labaran ɗan goro a unguwar Ganou, wadda ya saya hannun wani Bature mai komawa gida. Alhajin yana Cotonou. Makulli kuwa biyu ne: ɗaya gun makanike Dogo, ɗaya gun ɗan Alhaji, Abdulbaƙi.

"Ni zazzaɓi ya kwantar da ni, Yallaɓai Sufeto," in ji Abdulbaƙi, yana jan bargo. "Ku tambayi Dogo."

"Ina gareji tun safe," in ji Dogo, yana kallon ƙasa.

Ƙarya ce, maƙwabta sun ce garejin a rufe ya wuni. Kwamishina ya sa aka kulle Dogo, ya ce Litinin sai kotu. Amma zuciyar Sammani ba ta kwanta ba. Zazzaɓin da ba gumi, ba ɗumin goshi? Shi bai taɓa ganin irinsa ba.

Sammani tsohon direban soja ne. Ya ta da motar, ya ji injin yana tari kamar tsoho mai mura. Ya kwance buji huɗun, wato masu ba injin wuta, ya jera a ƙasa. Uku dogaye, irin na motocin Ingilishi da ake kawowa daga Najeriya. Na huɗun sabo fil, gajere, na motocin Faransa, kansa duk baƙin hayaƙi.

Ya kai wa Dogo a ɗakin tsaro. "Kai ka saka wannan?"

Dogo ya zabura. "Ni? A motar Alhaji? Haba, Sufeto! Gajeren buji ba ya kai wuta inda ake so. Ina da dogaye guda biyu a akwatina, me zai kai ni?"

"To ina ka wuni?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Gidan cukutu. Giyar dawa. Don Allah kar Alhaji ya ji."

Kai, mutum! Ya gwammace kurkuku da kunyar maigida.

Washegari Sammani ya isa kasuwar Djougou, garin da ke gaba da inda aka yi hatsarin, rumfar Mahamman mai kayan mota. Ya ajiye bujin a kan tebur.

"Naka ne?"

"Irinsa ya cika gari."

"Wa ya zo neman dogo jiya, ka ba shi gajere?"

"Ban ga kowa ba." Mahamman ya shiga kakkaɓe kwalayen da ba ƙura a kansu.

Sammani ya gane. Mahamman ma zuriyar fataken goro ne, su kuwa duk dangin juna ne, ba mai tona wani. Amma ya san wata al'adarsu kuma: ɗan gidan ba ya shiga Djougou ya fita bai gaida manya ba, ko da wuta ce a bayansa. Sai ya tambayi gidan yayar Alhaji Labaran.

Inna Memuna ta shimfiɗa masa tabarma, ta miƙo ruwa.

"Inna, mutanen Parakou suna leƙo ki kuwa?"

"Ai jiya-jiya Abdulbaƙi ya zo, ɗan albarka! Ga goron da ya kawo min. Wai motar ta ba shi wahala, sai da Mahamman ya canza mata wani abu. Amma bai wuce ni ba."

Sammani ya ji tausayinta har cikin ransa. Ya yi godiya ya tashi.

A Ganou ya tarar da marar lafiya zaune yana shan shayi. Ya ajiye bujin gefen kofin.

"Inna Memuna tana gaishe ka. Ta ce goron ya yi daɗi."

Kofin ya suɓuce daga hannun Abdulbaƙi.

"Abokai na je nuna wa motar," ya ce. "Shanu suka fito, ina gudu, ban ga makiyayin ba. Kafin Djougou buji ɗaya ya mutu. Mahamman ya ce gajere bai dace ba, na ce ya saka hakanan."

"Ka bar Dogo ya ɗauki laifinka. Me ya kai ka gidan Inna?"

"Da ta ji na shiga gari ban gaishe ta ba, ina zan sa kaina?"

Sammani ya ɗaura masa ankwa, ransa a ɓace.

"Ka tsaya ka gaida mai rai," ya ce, "amma Labbo yana kwance a kan titi, ko birki ba ka taka ba. Mu je, Dogo yana jiran a buɗe masa ƙofa."