Gida Mai Lamba Tara

Da 'yan yatsu biyu Kaka Doreen ta ɗauki kofin da Declan ya sha shayi, ta jefa a kwandon shara.

"Kaka!" in ji Keeley. "Shi fa zan aura!"

"Jikan Stobbs? Ba don Shannon ta tsegunta min ba, da har abinci na zuba masa. Tir!"

Shannon ɗin da ta shekara biyu tana bin Declan yana zille mata.

Shekara arba'in ke nan da Wilf Stobbs ya karya yajin aiki, ya koma ramin kwal lokacin da matarsa ke kwance asibiti. Tuni aka rufe ramin, ciyawa ta cinye wurin. Amma har yau ba mai amsa gaisuwarsa a garin Harrowburn. Shi ya raini Declan tun yana ɗan shekara huɗu.

"Share hawayenki, abar ƙaunata," Declan ya ce a bakin ƙofa. "Zan shawo kansu."

"Ta yaya?"

"Ke dai zuba ido..."

Wata uku Declan yana share zauren tsofaffin ma'aikatan ramin yana jera kujeru. Ranar bikin shekara na fito da tutar ramin, kafaɗar Kawu Terry mai ɗaukar ta ta riƙe, dole aka miƙa wa Declan ɗaya daga sandunan tutar.

Al'adar ba ta canjawa. In jerin gwano ya iso gida mai lamba tara, gidan Wilf, 'yan badujala su yi tsit, kowa ya kau da fuska har a wuce.

Bana Wilf ya fito. Ya sa tsohon kwat ɗinsa na zuwa coci, ya tsaya dogare da sanda. Da ya hango jikansa riƙe da tuta sai ya ɗaga hannu yana murmushi.

Kiɗa ya tsaya.

Declan ya kau da fuska. Sannan ya tofar da yawu a kan titi, yadda kowa zai gani.

A hankali hannun tsohon ya sauka.

Duk a kan idon Keeley.

A zaure aka yi ta bubbuga bayan Declan, ana tura masa giya.

"Kin gani, zumata?" ya raɗa mata. "Don ke na yi!"

"Wa ya koya maka ɗaure takalmi, Declan?"

"Haba, Keeley... na minti ɗaya ne fa. Zai gane."

"Na san zai gane. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan."

Kaka Doreen ta matso da farantin kek, baki har kunne.

"Yaron nan namu ne yanzu, 'yar nan. A sa rana!"

Keeley ta zare zoben baikonta, ta ajiye a gefen farantin.

"Tunda naku ne, ku riƙe abinku."

"Ina za ki?!"

"Akwai wanda ya yi gaisuwa ba a amsa ba."