Ranar Da Aka Zubar Da Sobiyar Zali

Ranar uku ga azumi Majid Mailafiya ya fara taka shagon Zali da ke unguwar Utaibiyya a Makka, kuma ba don ransa ya so ba. Abokan aikinsa na garejin bas a Kudai ne suka yi ƙuri'a ta faɗa kansa, aka tura shi sayo sobiyar buɗa-baki. Sobiya abin sha ce da ake haɗawa da sha'ir da sukari da kayan ƙamshi, a rufe ta a ganga kwana ɗaya ko biyu har ta ɗan yi tsami. Mutumin Makka ba ya ganin azuminsa ya cika in babu ita a gabansa.

Layi ya kai bakin titi. Da ya iso gaban kanta, yarinyar da ke ba da kaya ta tambaye shi da Larabci, ko ɗago kai ba ta yi ba: fara, ja, ko ta tsamiya?

“Wacce ta fi daɗi?” Hausa ce ta kuɓuce masa.

Sai a lokacin ta dube shi. “Ashe ɗan gida ne. Duk na Abuya ne, babu ta yarwa. Yalla, zaɓa, mutane na jira.”

Ya ce a ba shi kowacce leda biyar. Tana ƙulla masa ya karkata kai gefe, ya kasa kunne.

“Firjinku na can ƙurya yana tari. Ku sa a duba shi.”

“Likitan firji ne kai?”

“Makaniken bas ne. Amma inji duk inji ne.”

Ta yi dariya, ta ce ya bar lambarsa a sa shi cikin masu samun labarin shago. Sunanta Rawan, 'yar mai shagon ce, shi take kira Abuya, ita kaɗai Allah ya ba shi. Majid ya koma Kudai da leda goma sha biyar da kuma wani abu a ƙirjinsa wanda bai shiga shagon da shi ba.

Washegari saƙo ya shigo wayarsa.

“Labarin Shagon Zali: Farar sobiya ta ƙare kafin la'asar, masu son ta su yi sammako. Zoɓo mai citta ya dawo. Juma'a akwai kunun aya. Hajiya Maryama ta ce wanda ya tafi da lemarta ya dawo da ita, ta yafe masa tun kafin ya zo.”

Irin saƙon nan mutum ɗari huɗu ake tura wa, kuma babu mai amsawa. Majid ya amsa.

“'Yar jarida, an samu lemar?”

“An samu, Injiniya. A ƙarƙashin kujerarta take.”

Daga nan zance ya ɗore. Aka yi Sallah, sobiya ta ja baya. Hajji ya zo, shagon ya koma tsamiya da zoɓo saboda alhazan Najeriya da Nijar da ke shigowa neman ɗanɗanon gida, shi kuma Majid yana Arfa kwance ƙarƙashin bas cikin rana mai narka kwalta. Ta rubuta masa: “Ka sha ruwa, Injiniya. Bas tana da mai gyara ta, kai ba ka da shi.” Ya amsa: “Ina da ke.” Bayan awa biyu ta turo: “Tayyib,” wato “to, madalla” da Larabci. Ya karanta kalmar nan ɗaya ya fi sau ashirin.

Da sanyi ya shigo, aka fara kunun gyaɗa a shagon, ya ce mata zai turo manya. Ta ce ya turo. A watan Rajab kawunnansa biyu suka je gidan mahaifinta, Alhaji Abdulganiyyu Zali, aka ba su gahawa da dabino, aka yi musu rakiya har bakin mota, aka kuma ce a'a.

Dalilin Alhaji ba ɓoyayye ba ne. Mahaifinsa ya zo aikin Hajji a ƙafa daga ƙasar Kano, ya zauna, ya kafa shagon da ganga ɗaya. Shi ya bar wa Alhaji wata hanyar aiki da unguwar duka ke ba da labarinta. Da azumi ba ya ɗanɗana sobiya ko da a bakin harshe, kunne yake kafa wa ganga. Ranar farko shiru take yi. Rana ta biyu ta fara raɗa, lokacin sayarwa ke nan. In kuwa aka ji tana tafasa, to ta wuce gona da iri, ta kama hanyar zama abin maye, sai dai a zubar. Shekara arba'in ba a taɓa jin wani ya sha sobiyar Zali kansa ya yi nauyi ba. Alhaji ba shi da ɗa namiji, saboda haka mijin Rawan shi zai gaji gangunan, kuma ya riga ya yi wa ɗan ƙaninsa Nawaf kallon wannan kujera. Nawaf ya shekara huɗu a shagon, mai ladabi ne, bai taɓa ce wa Alhaji a'a ba.

“Me ya ce a kaina?” Majid ya tambaye ta a waya.

“Ka bari kawai.”

“Faɗa mini, 'yar jarida. Aikinki ne ba da labari.”

“Ya ce ba zai bar gangunan ubansa a hannun wanda ƙarar inji ta cinye wa kunne ba.” Ta ƙara da cewa, “Ummi tana bayanmu, amma ka san Abuya. Ni dai, Majid, ba na son kowa sai kai.”

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Da kunnen nan yake ci, da shi yake gane ciwon bas tun tana bakin ƙofa. Bai yi gardama ba, ya ce su yi haƙuri su ga abin da Allah zai yi.

Azumi ya sake zagayowa. Ranar ashirin ga wata, bayan azahar, ta kira shi a gaggauce. Firjin ƙurya ya tsaya, mai gyaransu ya yi tafiya, ga shi wani masallaci ya yi odar sobiyar buɗa-baki ta mutum ɗari uku, kuma gangunan suna cikin firjin.

“Ka zo ka gyara, Abuya ya gan ka da aikinka. Ka yi masa ladabi, habibi. Wannan ce damarmu.”

Ya zo da jakar kayan aikinsa, ya wanke hannu sau uku kafin ya shiga. Minti biyar ya ishe shi ya gane cewa firjin ba yau ya mutu ba. Fitilarsa tana ci, shi ya sa babu wanda ya lura, amma injin ya tsaya tun jiya. Ganguna uku na ciki sun yi ɗumi. Yana durƙushe kusa da su ya ji abin da bai so ji ba, wani sauti siriri kamar ana soya abu a gidan maƙwabta.

Alhaji ya shigo, Nawaf da ma'aikata biyu na biye da shi. Majid ya gaishe shi ta bayansa, bai amsa ba, sai da ya zagayo gabansa. Tsohon ya sunkuya, ya kafa kunne a ganga ta farko, ta biyu, ta uku, yadda ya saba.

“Lafiya lau. A ɗura a leda.”

Majid ya dubi Nawaf. Nawaf ya kau da kai, ya ce, “Yadda ka ce, Ammi,” wato baffa da Larabci.

A nan Majid ya gane komai. Kunnen Alhaji ya tafi, kuma ba shi kaɗai ya sani ba. In ya yi shiru ya gyara firji, zai fita da albarkar tsohon, wataƙila har da Rawan. Mutum ɗari uku kuma za su buɗe baki da abin da ke cikin gangunan, a garin Makka, da sunan Zali a jikin leda. Rawan tana tsaye a bakin ƙofa tana yi masa murmushin ƙarfafa gwiwa.

Ya kamata ya ja tsohon gefe. Bai yi tunanin haka ba sai daga baya, don a gareji in an ji ciwo a inji faɗa ake yi nan take.

“Ammi, ka yi haƙuri. Duka ukun suna tafasa.”

Alhaji ya miƙe a hankali.

“Kai ne za ka koya mini jin ganga? Tun ba a haife ka ba nake wannan aiki. Khalas, shi ke nan, kwashe kayanka.”

Majid ya haɗa wayar da ta ƙone, firjin ya tashi. Sannan ya zaro doguwar sukundireba daga jakarsa ya ɗora a kan ganga ta tsakiya.

“Haka muke yi wa inji, Ammi. A ɗora bakinta a jikin ganga, a danna ƙotar a ƙashin bayan kunne. Ta ƙashi ake ji.”

Ya fita bai dubi kowa ba. Kafin ya kai Kudai saƙonta ya riga shi.

“Na kira ka ka gyara, ka ɓata. Ka kunyata Abuya a gaban ma'aikatansa. Kada ka kira ni.”

Ya rubuta: “Na yi kuskure a yadda na faɗa, ban yi kuskure a abin da na ji ba. Ki yafe mini.” Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya tabbata ya rasa ta, kuma ya san ko da za a maimaita ba zai iya yin shiru ba. Wannan bai rage masa baƙin cikin ba ko kaɗan.

Gab da magariba saƙon mutum ɗari huɗu ya shigo.

“Labarin Shagon Zali: Yau babu sobiya. An zubar da ganga uku. An kai wa masallaci zoɓo da tsamiya a madadinta. Muna ba kowa haƙuri.”

Kwana uku babu wata kalma daga gare ta. A na huɗu, da hantsi, yana ƙarƙashin bas ya hango farar jallabiya da sanda sun tsaya kusa da ƙafarsa. Ya fito da sauri, baƙin mai har gwiwar hannu. Alhaji Abdulganiyyu ne, da sukundireba a hannu.

“Ɗaga murya in za ka yi magana,” in ji tsohon. “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Aka kawo masa kujera ya ƙi zama.

“Shekara biyu ban ji muryar sobiya ba. Kwana nake ƙirgawa, in kafa kunne don mutane su gani. Da ka fita na kori kowa, na gwada ƙarfen nan naka don in ƙaryata ka. Sai na ji ta, tana tafasa kamar za ta fasa gangar.” Ya goge ido da gefen rawaninsa. “Na tambayi Nawaf ko ya ji. Ya ce ya ji, amma bai so ya ɓata mini rai. Yaron kirki ne, ba zan kore shi ba. Sai dai ba zan bar masa sunan ubana ba.”

“Ammi, da na ja ka gefe.”

“Da ka ja ni gefe. Ba ka da wayo, wannan kam gaskiya ne. Rawan tana da shi, ya ishe ku.” Ya ɗaga sukundirebar. “Wannan na zo dawo maka da ita, amma a hanya na fasa. Ka sayi wata. Ka kuma gaya wa kawunnanka su dawo bayan Sallah.”

Tsohon bai kai bakin titi ba wayar Majid ta yi ƙara.

“Injiniya, na yi fushi da kai kwana uku, na yi kuka huɗu. Yau da safe Abuya ya kira ni in zo in ji ganga ta ƙashi, yana dariya kamar yaro. Ka yafe mini.”

“Ba ki yi mini komai ba, 'yar jarida. Yaushe za a buga labarinmu?”

An buga shi a watan Shawwal.

“Labarin Shagon Zali: Ranar Alhamis shago a rufe yake, za a ɗaura auren Rawan Abdulganiyyu Zali da Majid Mailafiya. Za a raba sobiya fara da ja kyauta, duk da ba lokacinta ba ne. Alhaji da kansa ya saurare ta, ango ya tabbatar.”

A karon farko mutum ɗari huɗu suka amsa. Ranar Alhamis aka shafa fatiha, Hajiya Maryama ta zo da lemarta ta yi guɗa, Nawaf ya yi ta zuba wa baƙi sobiya. Alhaji ya ɗora hannu a kan ango da amarya, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jin gaskiya, jama'a suka ce amin. Bai ji amin ɗin sosai ba, sai ya sa aka maimaita da ƙarfi.