Zufa a Tsakiyar Ƙanƙara

"Na ce ki ɗauke shi daga gabana!"

Nighat ta tsaya riƙe da kangri, ɗan kaskon garwashin da kowa a birnin Srinagar ke rungumewa cikin riga lokacin sanyi. Tun tana amarya take zuba wa mijinta Mushtaq garwashi a nasa, bai taɓa mayar mata da shi ba sai yau.

Ƙanƙara na zuba, amma ya buɗe taga, fuskarsa jawur, zufa sharkaf har gemu.

Haka mahaifinta ya yi. Ya yi ta watsi da barguna yana kukan zafi, kafin sati ya zagayo an kai shi makwancinsa. Har yau tana ganin bargunan nan yashe a ƙasa.

"Baban Insha... ciwon dajin mafitsarar ne ya dawo, ko? Kada ka ɓoye min!"

"Bai dawo ba."

"To wannan zufar fa? Da idona na ga Abbana..."

"Allurar ce," ya ce, kansa a ƙasa. "Wadda ke danne sinadarin mazantaka don kada ciwon ya samu abin ci. Likita ya ce... irin zafin nan ne da ke taso wa mata in al'ada ta ɗauke."

Ashe kunya ce! Namiji dai, ya gwammace matarsa ta mutu da fargaba da ya furta wannan.

Dariya da kuka suka zo mata tare.

"Kai dai ka ji kunya wallahi! Ni da na sha shi shekara da shekaru, kana ta min faɗan buɗe taga?"

"Ke ma... haka kika ji?"

"Fiye ma. Tuɓe rigar ulun nan, sa ta auduga. Shayi mai turiri da barkono kun yi hannun riga. Gobe kuma da bakinka za ka gaya wa likita, ya san abin da zai ba ka."

Ta jiƙa ƙyalle tana goge masa wuya.

"Sai yaushe za a daina allurar?"

Ya kama yatsunta masu sanyi.

"Nighat tawa... ya ce muddin tana aiki, ba dainawa."

Ta kifa goshinta a kafaɗarsa, hawaye na zuba.

"To Allah Ya sa ka daɗe kana zufa."