Mangwaron Malam Jatau

Na'urar Mabuɗiya tana ta gurnani a ƙarƙashin Birnin Inuwa, tana tura sinadari cikin saiwoyin itatuwan da suka yi wa garin rumfa. Dakta Kubura ce ta ƙera na'urar, kuma an yi ta yabonta har ita ma ta fara yarda.

Tsakanin kowace ƙwayar halittar tsiro da maƙwabciyarta akwai 'yan kafofi. Ruwa da sukari suna wucewa salin-alin, amma manyan kaya irin su furotin sai an buɗa musu. In cuta ta shigo, tsiron yakan toshe kafofin ya killace ta. Mabuɗiya kuwa ta haɗa saiwa da saiwa, ta hana kafofin rufewa, don furotin mai jure zafi ya zaga gari duka.

Itace ɗaya ya rage ba a haɗa shi ba, mangwaron mahaifinta Malam Jatau, wanda marigayiya mahaifiyarta ta dasa. Ya ce a bar masa abinsa. Kubura ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ranar da ya tafi ta'aziyya ƙauye ta binne bututun na'urar a gindin itacen, ta share wurin tas.

Da cutar ganye ta ɓulla, sai ta tarar da ƙofa a buɗe ko'ina. Itatuwan gari sababbin iri ne, suka yi 'yar jinya suka miƙe. Mangwaron tsohon iri ne. Ya yi ta ƙoƙarin toshe kafofinsa, na'urar tana buɗewa.

Kubura ta sami mahaifinta zaune kan buzu, busassun ganye sun rufe tsakar gida. Kunya ta hana ta haɗa ido da shi.

"Kubura, ni na kashe shi," ya ce. "Taurin kaina ne. Da na bi maganarki da yanzu yana nan kore shar kamar na mutane."

"Baba..."

"Ki yafe mini. Kawo na'urar taki ki haɗa shi, ko Allah zai sa a dace."

Ta san itacen ya riga ya mutu har saiwa. Ta kuma san bututun da ta binne ne sila. Tsohon ya ɗauki fartanya, ya tsaya a gindin itacen.

"Nuna mini inda zan haƙa miki," ya ce.