Takun da Ba na Mama Ba

Idanunta kawai ya gani, takunkumin fuska ya rufe sauran. Ta tsaya nesa da ƙofa, ta miƙo masa agogo mai ƙirga taku, don mahaifiyarsa mai ciwon suga. Ɗaliba ce, tana bincike kan motsa jiki da cimar masu ciwon suga. Annoba ta sa an rufe ɗakin gwaji, dole kowa ya yi nasa a gida.

"Mama ta ɗaura kullum, ta riƙa zagaya tsakar gida. Kai zan dinga kira."

Shi ke nan, zuciyar wannan autan na Mama ta bi ta.

Ba a jima ba Mama ta kwance agogon. "Gwiwata, auta. Ce mata na haƙura."

Ya san in Mama ta fita, kira ya ƙare. Sai gogan naka ya ɗaura a nasa hannun.

Hira ta yi nisa, har ta turo masa: "Autan Mama, mutanen bincikena sun watse. Wasu na jinya, wasu sun daina ɗaga waya. Mama ce ta cike mini adadi. Gaishe mini da jarumata."

Ya karanta. Wallahi ya tsani kansa.

Ana gobe za ta miƙa sakamako ya kira ta.

"Malamata, takun nan duk nawa ne."

"Ka san me ka yi? Babu Mama, babu aikin. Sai na koma farko."

Ba ta miƙa ba. Shekara guda ta salwanta, ta kuma daina amsa saƙonsa. Da ya turo iyayensa neman aurenta, mahaifinta ya ce, "Wanda ya yi ƙarya a kan agogo, me zai bari?"

Mama ta je wurinsa da kanta, tana ɗingishi. "Ina kallonsa na yi shiru. Rabin laifin nawa ne."

Ɗalibar ta sunkuyar da kai. "Baba, da bai faɗa ba, wa zai sani?"

Nan mahaifinta ya sauko. Ranar biki ƙawayenta suka cika gida, kowacce ta riga ta karɓi digirinta. Ango ya kasa ɗaga ido. Sai wayarsa ta yi ƙara, saƙon amarya ne.

"Ɗago kanka, autana. Shekarar tawa ce, kuma na yafe."

Ya share hawaye. Mahaifinta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Allah Ya yi muku albarka. Ka riƙe mini ita da gaskiya."