Hannun da Bai Fito Daga Rijiya Ba

Da hantsi Malama ta shigo ofishin 'yan sanda idanu a kumbure, aminiyarta mai kitso tana riƙe da ita. Sarƙar gwal ce ta ɓace mata daren jiya, wadda mahaifiyarta ta cire daga wuya ta ba ta a gadon asibiti. Kuma Malama ta zo ne da ɓarawonta a baki: ƙaninta bakanike, mai kwana a ɗakin bakin ƙofar gidanta.

"Me ya sa kike zarginsa?" in ji Sufeto.

Mai kitso ce ta yi caraf ta amsa. "Ranka ya daɗe, ai ba yau ya fara ba. Ya taɓa ɗauke mata waya."

"Yaushe?"

"Shekara goma ke nan," Malama ta ce a hankali.

Kafin azahar an ɗauko bakaniken daga gareji, da baƙin mai a hannunsa, aka sa shi bayan kanta. Abu ɗaya ya tambaya: "Yaya ce ta faɗa da bakinta?" Da aka ce masa e, sai ya zauna a ƙasa ya yi tsit. Sufeto ya saba da rantse-rantsen ɓarayi har ya gaji da su. Wannan shirun kuwa ya tsaya masa a rai, ga shi gobe za a kai mutumin kotu.

Da la'asar ya je gidan. Falon yana nan yadda aka bar shi jiya: barguna a ƙasa, kofunan shayi huɗu, da tsohuwar na'urar bidiyo a ƙarƙashin talabijin.

"Wannan kuma tana aiki?" ya tambaya.

"Saboda fim ɗaya muke lallaɓa ta," in ji Malama. Ta yi masa bayani. Su huɗu ne tun suna makaranta: ita, da Nas, da Tela, da mai kitso. Duk ƙarshen wata sukan taru a nan su kalli wani tsohon fim na ban tsoro, marar kala, na matar da aka jefa a rijiya. Sun haddace shi tsaf. Dokarsu ɗaya ce, ba a kunna fitila sai an gama. Daren jiya ma sun taru sun kalla.

"Ina kowa yake zama?"

"Mu uku a doguwar kujera. Aminiyata kuwa bayan kujera take kwanciya ta lulluɓa da bargo, shi ya sa muke ce mata Farar Kura. Ba ta leƙowa sai wurin da hannun matar zai fito daga rijiya, ta kurma ihu, mu yi ta dariya."

A ɗakin kwana Sufeto ya duba durowar da sarƙar take. Ko ƙwarzane babu.

"Ina kike ajiye makulli?"

"Cikin tsohon takalmin mama."

"Wa ya sani?"

"Ƙanina." Ta ƙara da cewa, "Sai aminiyata. Ita ai ba na ɓoye mata komai."

Ya dawo falo ya danna na'urar. Kaset ya fito, zarensa a cukurkuɗe a wuri ɗaya. Ya juya shi a hannu, ya ce da Kofur ɗin da ya rako shi ya kira masa sauran matan.

Ya fara ganin Tela, ita kaɗai.

"Kai, jiya na'urar nan ta ba mu haushi!" ta ce. "Daidai wurin da hannu zai fito ta tauna kaset. Ni na haska da waya na naɗe shi da biro, muka tsallake wurin."

Nas ma haka ta faɗa, ta ƙara da cewa, "Har na ce, Farar Kura, yau kin sha. Ba ta tanka ba. Na ɗauka barci ta yi."

Sai Sufeto ya tara su duka a falo, ya ce kada wadda ta buɗe baki sai wadda ya tambaya. Ya juya ga mai kitso.

"Kin tashi daga wurinki jiya?"

"Ni? A wannan duhun? Ko ana ba ni mota!"

"To, amma an ce ba ki yi ihu ba."

Ta yi dariya, ta dafa ƙirji. "Ranka ya daɗe, jiya abin ya fi ƙarfin ihu. Da na leƙo na ga hannun nan yana fitowa, yatsu a jiƙe, sai muryata ta ɗauke ɗif."

"Da idonki kika gani?"

"Da idona."

Tela ta rufe baki da mayafi. Malama kuwa a hankali ta zare hannunta daga na aminiyarta.

Sufeto ya ɗora kaset a kan tebur. "Jiya hannu bai fito ba. Na'ura ta tauna wurin, aka tsallake. Duk wadda take falon nan ta sani. Ke kina ina?"

Mai kitso ta dubi kaset, ta dubi ƙofa, ga Kofur a tsaye. Haddar fim ɗin da ta dogara da ita ce ta kayar da ita. 

"Filo na bari a cikin bargon," ta ce. "Sarƙar tana shagona, cikin gwangwanin man kitso."

"Ke?" in ji Malama. "Ke da kika wanke mama tare da ni? Ke da kika kwana kina share mini hawaye?"

"Shekara ashirin ina bayan kujerarki kuna yi mini dariya," in ji mai kitso, ba ta ɗago ba. "Komai ke, komai naki."

"Sarƙar da sauƙi. Amma ki dubi idona ki ce ƙanina ne?"

"Na san za ki yarda."

Wannan maganar ta fi satar ciwo, don gaskiya ce. Kofur ya sa mata ankwa, aka fita da ita, maƙwabta suna leƙe.

Malama ta bi su har ofis. Ana shigar da mai kitso bayan kanta, ana fito da bakaniken. Malama ta tare shi tana kuka.

"Ɗan'uwana, ka yafe mini. Ruɗa ni aka yi."

Ya karɓi bel ɗin wandonsa da wayarsa daga hannun Kofur. Sannan ya zare makulli ɗaya daga zoben makullansa, ya sa mata a tafin hannu.

"Na ɗakin bakin ƙofarki ne, Yaya. Ki duba kayana da kyau kafin in aiko a kwashe."

Sufeto ya sunkuyar da kai kan takardunsa. Bai so ya ga fuskarta ba.