Bencin Goggo da Benen Kaka

"Sai ki zaɓa, Corinne! Ko sama, ko ƙasa!"

Na tsaya ina kallon Lucius, zobensa a yatsana, farantin soyayyar kaguwa a hannuna, ji nake kamar in kifa masa shi a ka.

"Ni ce zan zaɓa? Kai me ya riƙe maka baki?"

"Rabin raina, ki saurare ni..."

"Kar ka ƙara ce mini rabin rai! Rabin ranka yana can saman bene wajen kakarka!"

A bayan coci muke, tsakanin kaburbura, jama'a na zazzaune suna shan kofin bayan sujada. Ranar ce Rabaran Whitlock ya karanta shelar aurenmu karo na biyu. Sau uku ake yi, Lahadi uku a jere, kuma duk wanda ya miƙe tsaye ya ce yana da ja, to aure ya tsaya. Saura Lahadi ɗaya, ga tsofaffi biyu, goggona Winifred da kakarsa Odessa, sun rantse za su miƙe.

Cocinmu ta St. Barnabas ta haura shekara ɗari biyu a bakin kogi. Bayi ne suka buga tubalinta, amma saman bene aka ware musu. Masu gonaki suka kama ƙasa, kowane gida da bencinsa mai ƙofa da lamba. Bauta ta ƙare, aka roƙi gafara daga kan bagade, aka ce kowa ya zauna inda ya ga dama. Mutanen sama suka ce sun gode, ba sa saukowa. Mutanen ƙasa kuwa ko tunanin hawa ba su taɓa yi ba. Tare muke cin abinci, tare muke binne mamatanmu, amma da an kaɗa ƙararrawa kowa sai ya kama gabansa.

Ni 'yar gidan Ashby ce, benci mai lamba huɗu. Lucius Tolliver ɗan sama ne. Ba wanda ya ce kar mu yi aure. Tambaya ɗaya ce ta hana garin barci: ina za su zauna?

Goggo Winifred, wadda ta raine ni tun rasuwar iyayena, ta ce, "Ni kaɗai na rage a bencin nan sai ke. Kika hau sama, wa zai rufe mini ƙofa? In kuwa kin yi niyya, zan miƙe a gaban kowa!"

Ni kuma da ƙafata na je na tsokano tsuliyar dodo. Lavonne, mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa, wadda ta shekara biyar tana kai wa Lucius tuwon masara da sunan zumunci, ita ta same ni da murmushi.

"'Yar'uwa, kina son shiga ran Kaka Odessa? Bencinansu na sama katako ne tsura. Tsohuwa fa! Ɗinka musu matasai mana."

Ni da wauta na yi sati biyu ina ɗinki har yatsuna suka kumbura. Ranar Asabar na hau na shimfiɗa su, shuɗɗa masu kyau, ina ta jin daɗin kaina.

Ashe da gangan suke barin katakon tsirara! Kakanninsu ne suka sassaƙa shi, kowane gida ya karta alamarsa da ƙusa tun lokacin da aka hana su koyon rubutu. Ni 'yar Ashby na je na rufe alamomin da tsumma. Shekara ashirin da shida ina cocin nan, ban sani ba, don ban taɓa hawa ba. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

Kaka Odessa ta tattara matasan ta aiko mini da su a kwali, da saƙo: "A gaya wa yarinyar, an taɓa rufe mu, ba za a sake ba."

"Ki hau ki ba ta haƙuri, ki zauna tare da mu, magana ta wuce," in ji Lucius, muna nan dai tsaye tsakanin kaburburan.

"Goggo fa?"

"Goggonki za ta saba."

"To kai ka sauko, kakarka ta saba!"

Ya hau sosa ƙeya. Namiji har namiji, mai tuƙa jirgin kamun kaguwa cikin hadari, amma a gaban tsohuwa mai sanda ya zama kaza. Takaici ya ishe ni, na dangwara masa farantin a hannu na tafi.

Sati guda ban ɗaga wayarsa ba. Na yi kuka, na yi fushi, na tsine wa allura da zare. Ina son yaron nan kamar raina, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ranar Lahadi na riga kowa zuwa. Ban buɗe ƙofar lamba huɗu ba, ban kuma hau bene ba. Matakalar benen tana can baya kusa da ƙofar shiga, siririya, da ƙyar mutum biyu ke giftawa. Na samu tsakiyarta na zauna na rungume jakata.

Lucius ne ya fara isowa.

"Corinne... me kike yi a nan?"

"Na zaɓa."

Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dube ni. Sai ya cire hularsa ya matse kusa da ni.

"Za ta kashe ni," ya ce a hankali.

"Sai in binne ka. Matsa, ka danne mini riga."

Hanya ta toshe. Mutanen sama suka taru a ƙasa suna ƙus-ƙus. Lavonne ta zo da littafin waƙarta tana yatsina.

"Wasu dai ba su san matsayinsu ba."

"Na sani yanzu," na ce. "Na gode da darasin ɗinki."

Can sai ga ƙwas-ƙwas na sanda. Kaka Odessa ce, da jar hularta.

"Lucius, tashi."

"Kaka, ba zan tashi ba."

Wallahi sai da na juya na tabbatar shi ne ya yi magana!

"Kaka," na ce, "na yi kuskure. Na rufe abin da ban taɓa tambayar ma'anarsa ba. Ki yafe mini. Ba zan ce Lucius ya sauko ba, ban isa ba. Amma ba zan iya barin Goggo ita kaɗai ba. Nan ne kawai ya rage mana."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ƙararrawa ta kaɗa. Ta ja tsaki.

"Shekara tamanin ina hawa matakalar nan, ban taɓa makara ba sai yau." Ta juya ta zauna a ƙasa da mu da taki biyu. "Ku zauna mana! Kun tsaya kamar gumaka!"

Mutanen sama suka zazzauna, wasu a matakala, wasu a ƙasa. Rabaran Whitlock ya gyara tabarau, ya fara shela.

"Idan akwai wanda ya san dalilin da zai hana..."

Ƙiii! Ƙofar lamba huɗu ta buɗe.

Goggo ta miƙe.

Lucius ya matse hannuna har zoben ya shige mini nama.

"Miss Winifred," in ji Rabaran, "kina da ja?"

Ta fito daga bencin. Ta tako tsakiyar coci har baya, kowa na bin ta da ido. Ta tsaya gaban matakalar. Ta sunkuya ta shafa takin farko, inda sawun mutane ya cinye katakon ya yi kwarmi. Hannunta ya daɗe a wurin.

"Ƙafafu nawa ne suka yi wannan, Odessa?"

"Ba ki taɓa zuwa kin ƙirga ba."

"Ban taɓa ba," in ji Goggo, idonta ya ciko.

"To zauna, Winifred. Tsayuwarki na ɓata wa yara aure."

Kaka ta janye sandarta. Goggo ta zauna.

Rabaran ya ƙara jira, ba wanda ya motsa. Ya rufe littafinsa, ni kuma na kifa kaina a kafaɗar Lucius na fashe da kuka.

An ɗaura aurenmu a watan Yuni. Har yau a matakalar muke zama, mu huɗu. Kar ku ɗauka an samu lafiya, don yanzu rigimar ta koma kan wa zai zauna ta jikin bango. Lahadin da ta wuce Goggo ta yi zazzaɓi ba ta zo ba, Kaka ta ɗora jakarta a wurin ta hana kowa zama.

"Wurin Winifred ne," ta ce. "Ku nemi naku."